Ƙetare duwatsun Atlas da mota: yadda ake tsara tafiya daga Marrakesh zuwa Fas

Bahaushen da ya je Maroko yakan sauka a Kasablanka, ya hau jirgin ƙasa zuwa Fas ya ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815. In da sauran guzuri ya leƙa Marrakesh, sannan ya juyo gida. Duk wannan kai-komo a shimfiɗar ƙasa ake yin sa, yamma da duwatsu. Tsakanin Marrakesh da Fas ma akwai babban titi da ke bi ta Kasablanka da Rabat, kimanin kilomita 530, wanda mota ke cinyewa cikin awa 6. Amma akwai hanya ta biyu. Ita tana haura duwatsun Atlas ne, ta faɗa bayansu, ta ratsa kwaruruka da kwazazzabai har bakin Sahara, sannan ta sake hawowa arewa ta sauka Fas. Tsawonta ya kusa kilomita 1,100, kuma kaɗan ne hanyoyin mota a Afirka da suka kai ta kyan gani.

Masu harkar yawon buɗe ido a Marrakesh suna tallar wannan tafiya a kan kwana 3. Tana yiwuwa a haka, sai dai fasinja yakan wuni a kujera, a ba shi rabin awa a kwazazzabon Todra, ya isa masauki bayan isha'i a gajiye liƙis. Mai son ya ga ƙasar da idonsa dole ya tsara abinsa da kansa, kuma tun a nan ɗan shimfiɗar ƙasa yake fara tuntuɓe, domin da kilomita ya saba lissafi. Direban da ya san hanyar Kano zuwa Kaduna ko Maraɗi zuwa Damagaram yana ɗaukar kilomita 200 a matsayin tafiyar awa biyu da rabi. A Atlas, kilomita 200 ɗin da ke tsakanin Marrakesh da Warzazat sukan ci kusan awa 4 ba tare da an tsaya ko'ina ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: za ka ga ƙauye a tsallaken kwari, har kana rarrabe awaki da tumaki, amma sai ka yi rabin awa kana zagaye kafin ka taka shi. A kan dutse da abu uku ake lissafi, wato hasken rana, ruwa da birki. Duk wani tsari mai kyau daga waɗannan yake fitowa.

Yadda ƙasar ta kwanta

Babban Atlas ya miƙe daga gaɓar Tekun Atlantika har zuwa iyakar Aljeriya, tsawon fiye da kilomita 700. Ƙololuwarsa, Tubkal, tana da mita 4,167, babu mai kai ta a Arewacin Afirka. Gefen arewa yana shan ruwan da iskar teku ke kawowa. Gefen kudu kuwa Sahara yake fuskanta, ga shi fayau. Abin da ke raya kudun shi ne dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan tsaunuka lokacin sanyi, ta narke ta zama koguna masu gangarawa hamada: Maguna, Dades, Todra da Ziz. Waɗannan koguna ne suka yi ta cin dutse shekaru aru-aru har suka tsaga shi, suka bar kwazazzabai masu zurfi. Inda kogi ya fito daga matsin dutse ya samu fili, nan ake samun doguwar fadama ta dabino da zaitun da gonakin sha'ir, nan kuma garuruwa suka zauna.

Wannan siffa ita ke yanke yadda tafiya za ta kasance. Titi mai lamba N10 yana bin gindin duwatsu daga yamma zuwa gabas, yana gitta bakin kowane kwari. Saboda haka Dades da Todra ba a kan hanya suke ba, rassa ne: ka shiga, ka kai inda za ka kai, ka juyo ta inda ka bi. Kowane reshe yana cin rabin yini, kuma taswirar waya ba ta sa shi cikin lissafi in ka tambaye ta nisan Marrakesh zuwa Fas. Ziz ne kaɗai ya bambanta, domin titin N13, wanda ake bi a nufi Fas, ta cikinsa yake ratsawa, ko kana so ko ba ka so.

Wane wata ake tashi

Daminar Maroko ba irin tamu ba ce. Ruwa da ƙanƙara suna sauka ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da mu muke fama da hunturu da ƙura. A waɗannan watanni akan rufe mashigan dutse in ƙanƙara ta yi yawa. Akwai shingayen ƙarfe a ƙasan kowane babban hawa, jandarmomi su saukar da su har sai motocin share hanya sun gama aiki, wani lokaci awanni, wani lokaci a kwana. Garin Ifran, wanda hanyar ke bi ta cikinsa dab da Fas, nan ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, a Fabrairun 1935. Ibn Baɗuɗa ma, da ya dawo daga ƙasar Mali ya bar birnin Sijilmasa na bakin hamada zuwa Fas a ƙarshen 1353, cikin ƙanƙara ya ƙetare waɗannan duwatsu, kuma ya lissafa hanyar cikin mafi wahala da ya taɓa bi, shi da ya ga sanyin Bukhara da Samarkand.

Ko ba a sanyi ba, tudu yana da nasa yanayin. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi. Marrakesh tana kan tsayi kusan ɗaya da Kano, ƙasa da mita 500, yayin da mashigin Tishka, wanda hanyar ke haurawa, ya ɗara ta da wajen mita 1,800. Wanda ya fito da yadi mara nauyi da hantsi zai nemi rigar sanyi kafin azahar. A Yuli da Agusta kuma matsalar takan juye: yankin Tafilalt na bakin hamada yana haura digiri 40, sannan daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba hadari mai tsawa yakan taso a kan tsaunuka ba zato.

Tsakanin waɗannan akwai lokuta biyu masu daɗi. Afrilu da Mayu, koguna na gudu, ƙololuwai na da sauran fari, furen wardi ya buɗe a kwarin Maguna. Sai tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin girbin dabino, zafi ya karye, ƙanƙara ba ta fara ba. A tuna kuma da tsawon yini. A ƙasar Hausa bambancin yinin Disamba da na Yuni bai fi awa ɗaya da rabi ba. A can kuwa yinin Disamba awa 10 ne, na Yuni ya kai 14, kuma a cikin kwazazzabo rana takan ɓuya bayan bango tun la'asar. Azumi ma abin dubawa ne: gidajen abincin bakin hanya sukan rufe da rana, an saba mayar da agogon ƙasar baya da awa ɗaya, kuma gab da buɗa-baki kowa sauri yake yi a titi.

Rabon zango

Idan aka ɗora doka ɗaya, cewa kada tuƙi ya wuce awa 4 ko 5 a yini kuma a isa masauki kafin magariba, tafiyar takan rabu gida shida.

Zangon farko shi ne mafi nauyi ga direba. Daga Marrakesh titin N9 yana hawa a hankali, sannan ya shiga kwane-kwane har ƙolin Tizi n'Tishka, inda allo ya nuna mita 2,260. Sojojin Faransa ne suka fasa wannan hanya a shekarun 1930, kuma an faɗaɗa ta sosai a 'yan shekarun nan. Jim kaɗan bayan ƙoli akwai kwana ta hagu zuwa Telwet, mazaunin gidan Gilawi. Tuhami al-Gilawi shi ne Pashan Marrakesh daga 1912 har rasuwarsa a 1956, kuma tushen arzikin gidansu harajin ayari ne da gishirin da ake haƙa a yankin. Daga Telwet siririn titi yana bin kwarin Unila, tsohon gwadaben fatake, tsakanin jajayen duwatsu da ƙauyukan da suka manne a jikinsu, har Ait Bin Haddu. Wannan ƙauye mai ganuwa da hasumiyoyin jar ƙasa yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1987, kuma an ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Gladiator a wurin. Bin Unila ya fi babban titi cin lokaci, amma ya fi shi lada. A kwana a Ait Bin Haddu, domin motocin 'yan kwana uku da tsakar rana suke cika wurin, da yamma da sassafe kuwa sai 'yan gari.

Zango na biyu mai sauƙi ne. Warzazat tana kan tsayi kusan irin na Jos, gari ne na masu shirya fina-finai da kuma tashar Noor mai samar da wuta daga hasken rana, wadda ƙarfinta ya kai megawat 580. A gabas da garin akwai madatsar ruwa ta Mansur Zahabi, inda kogin Dades ke haɗuwa da na Warzazat su zama Dar'a, kogi mafi tsawo a Maroko. Madatsar ta ci sunan sarkin nan ne da rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Daga nan N10 yana bi ta dausayin Skura mai tsofaffin gidajen sarauta na ƙasa, ya wuce Kal'at Maguna inda ake tatsar ruwan wardi ana kuma yi masa biki a watan Mayu, ya isa Bumalne bayan kimanin kilomita 115. A nan ake barin babban titi a kama R704 zuwa cikin Dades. Gara a nemi masauki a cikin kwarin da a tsaya a Bumalne, don a wayi gari a tsakiyar abin da aka zo gani.

Zango na uku na kwazazzabai biyu ne. A Dades, wajen Tamlalt, iska da ruwa sun sassaƙa duwatsu sun mai da su dunƙule-dunƙule masu ban mamaki. Kusan kilomita 30 daga Bumalne kuma titi yana naɗewa a jikin bango, lanƙwasa bisa lanƙwasa, shi ne hoton da aka fi sanin wurin da shi. A hau, a tsaya a sama a leƙa, a ɗan ƙara gaba inda kogi da titi suka matsu tsakanin bango biyu, sannan a juyo. Daga Bumalne zuwa Tingir kilomita 50 ne, daga Tingir zuwa bakin Todra kuma 15, ta gefen wata fadamar dabino da ta cancanci a sauka a taka ta da ƙafa. A inda Todra ya fi matsewa faɗinsa bai wuce mita 10 ba, bangayensa kuma sun miƙe sama fiye da mita 150, ruwa mai sanyi na gudu a ƙasa. Taswira za ta nuna wata hanya da ke haɗa kwaruruka biyun ta sama, daga Msemrir zuwa Tamtatusht, wadda za ta hutar da mutum komowa baya. Kada a kama ta da ƙaramar motar haya sai an tambayi direbobin yankin halin da take ciki a wannan makon, domin ruwa ɗaya yana iya sauya ta.

Zango na huɗu yana barin duwatsu ya nufi Tafilalt ta Tinjdad da Jorf. A gefen titi kafin Arfud za a ga jerin tsibin ƙasa a layi ɗaya. Bakunan rijiyoyi ne na tsohuwar dabarar jan ruwa ta ƙarƙashin ƙasa daga gindin dutse zuwa gonaki. A Risani akwai kufan Sijilmasa, birnin da aka kafa a 757, wanda ya yi ƙarnoni yana zaman tashar ayarin zinariya da gishiri. Daga nan Ibn Baɗuɗa ya tashi a 1352, ya yi kwana 25 kafin ya kai Tagaza, kuma a komowarsa ya bi ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Gidan sarautar Alawiyya mai mulkin Maroko a yanzu ma daga Tafilalt ya fito. Masu son tudun rairayi sukan ƙara kimanin kilomita 40 zuwa Marzuga. Ga mutumin Turai wannan ne ƙolin tafiyar. Ga wanda ya san Agadas ko Bilma, nan ne wuri na farko da zai iya yankewa ya sayi lokaci.

Zango na biyar yana bin Ziz zuwa arewa. Tsakanin Arfud da Rashidiyya titi yana kan tudu, dabino kuma sun cika kwari a ƙasa kamar kogin ganye. Bayan Rashidiyya sai madatsar Hassan Addakhil, sai kwazazzabon Ziz kansa, da gajeren ramin da sojojin haya na Faransa suka fasa a jikin dutse a ƙarshen shekarun 1920. Daga nan a haura Tizi n'Talgemt, mita 1,907, a sauka Midelt, garin tuffa. Masu gaggawa sukan haɗa wannan zango da na gaba su yi Marzuga zuwa Fas a yini guda, kusan kilomita 470, awa 7 zuwa 8. Abin da hakan ke haifarwa shi ne direba ya shiga hawa na ƙarshe a gajiye, rana na faɗuwa.

Zango na shida yana ratsa Atlas na Tsakiya: mashigin Zad mai mita 2,178, dazuzzukan al'ul na Azru da birai a bakin titi, Ifran, sannan gangara zuwa Fas. A kan waɗannan shida a ƙara kwana ɗaya da ba a ɗaura wa komai ba, kuma kada tikitin jirgi ya faɗo a washegarin isa.

Mota da mai tuƙa ta

Duk hanyar da aka lissafa kwalta ce, ba ta buƙatar mota mai jan ƙafa huɗu. Yawancin motocin haya a Maroko ƙanana ne masu giyar hannu, galibi Dacia da ake haɗawa a ƙasar, da yawansu kuma dizal suke sha, don haka a tambaya kafin a tsaya gidan mai. Wanda bai iya giyar hannu ba ya nemi otomatik tun da wuri. Kafin a karɓi makulli a duba tayoyi, a ga safaya da jak da idanu, a ɗauki hoton duk wani ƙarce, a kuma karanta inshora da kyau, domin galibi ba ta ɗaukar ɓarnar da ta faru a hanyar burji ko a ƙarƙashin mota.

Hawa yana da nasa haraji. Iska tana sirancewa a sama, injin da ba shi da turbo kuma yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100. A ƙolin Tishka, ƙaramar mota cike da mutum biyar da kaya ta rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta. Wuce babbar mota a irin wannan hali yana buƙatar fili ninkin wanda aka saba, kuma ba a yin sa a kwana ko kusa da ita.

Amma gangara ce ke kisa. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da ke faruwa da tirelar da birkinta ya ƙone, ga shi kuma gangarar Tishka ta ninka wannan nesa ba kusa ba. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mai da gudu zafi. In aka ɗora ƙafa a kansa kilomita bayan kilomita, takalman birki su yi zafi su daina kamawa, man birki ma yana iya tafasa, sai a taka a ji shi laɓo-laɓo. Maganin shi ne a bar inji ya riƙe mota: giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka, lamba biyu ko uku, a riƙa taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki. Ɗabi'ar nan ta wasu direbobinmu ta sakin mota a firi don tsimin mai, a nan ganganci ce tsagwaronta. In an ji warin ƙauri, a nemi fili a tsaya a bar shi ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa. A inda titi ya matse, mai sauka ne ke ba mai hawa hanya, kuma a kwanar da ba a ganin gaba a danna hon.

Tuƙin dare kuwa a cire shi daga tsari gaba ɗaya. Ba fitilu a titi, akwai alfadarai da masu tafiya a ƙasa, akwai duwatsun da suka gangaro. A Satumban 2012 wata bas da ta taso daga Zagora ta faɗa rami cikin dare a wannan hanya ta Tishka, mutum 42 suka rasu. Wanda ya san bai taɓa tuƙi a dutse ba, babu abin kunya in ya ɗauki mota da direbanta ɗan ƙasa, da sharaɗin a rubuta zangon tun farko, don kada tafiyar ta koma yawon shagunan darduma.

Ruwa da ƙasa

Kwarin da ka gani a bushe ba mataccen kogi ba ne. Duwatsun kudu tsirara suke, ba ciyawar da za ta tare ruwa, don haka hadarin da ya zuba a sama, inda ba ka ma ganinsa, yana iya isowa cikin kwazazzabo a tsaye alhali rana na haske a kanka. A ranar 17 ga Agustan 1995 irin wannan ambaliya ta afka wa kwarin Urika kusa da Marrakesh ta kashe mutane fiye da 100, da yawansu masu shan iska a bakin rafi. A Satumban 2024 ma ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a kudu maso gabas, ya yanke hanyoyi, ya ci rayuka. A wurare da dama babu gada, siminti kawai aka shimfiɗa a cikin kwarin mota ta bi ta kai. In aka tarar ruwa ja yana gudu a kansa, a jira. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, kuma sau da yawa irin wannan ambaliya takan janye cikin 'yan awanni. Kada a ajiye mota ko a shimfiɗa tabarma a tsakiyar busasshen kwari, kuma in mai masauki ya ce yau ba a shiga, a ji maganarsa.

Akwai wani mashigin, Tizi n'Test, mai kimanin mita 2,100 a hanyar Tarudant, wanda ya fi Tishka matsi da ban tsoro. Yankinsa ne cibiyar girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, mai ƙarfin maki 6.8, wadda ta kashe mutum kusan 3,000 ta kuma rusa yawancin masallacin Tinmel na ƙarni na 12. Ba ya kan hanyar Fas, kuma ba wurin koyon tuƙin dutse ba ne. A bar shi sai wani zuwan.

Takardu, guzuri da zama da mutane

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ƙa'idar ta bambanta daga fasfo zuwa fasfo, don haka ofishin jakadanci ne wurin tambaya. A tafi da lasin tuƙi na gida haɗe da na ƙasa da ƙasa. Ana tuƙi a hannun dama kamar Najeriya da Nijar. Iyakar gudu kilomita 60 ce a cikin gari, 100 a waje, kuma jandarmomi na tsayawa da na'ura a mashigar garuruwa. In an ci tara, a biya a karɓi rasit. Lambar jandarma 177 ce, ta motar asibiti 15. A riƙe tsabar dirhami, domin ƙananan masaukai a cikin kwari ba kowanne ke karɓar kati ba. A cika tanki a Warzazat, Bumalne, Tingir, Rashidiyya da Midelt, kada a bari ya sauka ƙasa da rabi. A sauke taswira a waya tun a gari, domin sabis yakan ɗauke tsakanin bangayen dutse. Ruwan sha, dabino, bargo da maganin jiri ga mai amai a mota su kasance a kusa.

Ta fuskar addini baƙo ba zai ji baƙunta ba. Mutanen ƙasar Malikawa ne, akwai masallaci a kowane ƙauye, kuma zangon nan duk sun kai nisan kasaru in ban da gajerun rassa. Mutanen kwaruruka galibi Amazig ne, harshensu ya zama na hukuma a kundin 2011, kuma a allunan hukuma za a ga rubutun Tifinag, ɗan'uwan wanda Buzaye ke amfani da shi. Larabci da Faransanci suna fitar da mutum ko'ina. Fadamar da baƙo ke kallo gonar wani ce, kowace bishiya da mai ita, ruwan ma rabo ake yi da sa'o'i, saboda haka a bi turba, kada a tsinki abin da ba a ba ka ba, kada kuma a ɗauki hoton mata ba izini. A hawan Tishka za a ga masu tallar duwatsu masu ƙyalli, waɗanda launinsu ya cika haske sau da yawa rini ne.

In kwanakin ba su kai ba

Ba kowa ke da mako guda ba, kuma a nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin tunda an kashe kuɗin jirgi, gara a zagaye duka ko da a guje ne. Hujjarsu tana da ƙarfi ga wanda ba ya sa ran komawa. Sai dai abin da ake yankewa don a cusa kilomita 1,100 cikin kwana 3 shi ne daidai abin da ke sa tafiyar ta zama lafiya: hutun direba, isa da rana, da damar jira in ruwa ko ƙanƙara sun tare hanya. Mai kwana 3 ko 4 ya fi cin riba in ya ɗauki rabi. Daga Marrakesh ya je Dades da Todra ya komo, ya bi Unila a tafiya, babban titi a dawowa. Ko kuma, in Fas ce masaukinsa, ya gangara ta Midelt zuwa Ziz da Risani ya juyo. Kowanne daga cikin biyun yana da mashigin dutse, da kwazazzabo, da fadamar dabino, da garin tarihi.

Saboda haka jerin shawarar yana da tsari. A fara da ƙidaya dararen da ake da su, a cire ɗaya a ajiye. A dubi watan, a san ko ƙanƙara ce abin tsoro ko ambaliya ko gajeren yini. A yanke wanda zai riƙe sitiyari bisa gaskiyar abin da ya iya. Sai a ƙarshe a zaɓi wuraren da suka shiga cikin abin da ya rage, sauran kuma a haƙura da su tun a gida, kafin a biya kuɗin masauki ko ɗaya.